Fashin Baƙi: Su Wane Ne Ke Haɗa Alƙaluman da Ake Tsara Manufofin Lafiya da Su?

A shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya ɗaga hankalin duk mai ruwa da tsaki a harkar rigakafi a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta gudanar da shi da tallafin UNICEF, tsakanin 2016 da 2017, ta hanyar bin gida-gida. Binciken ya gano cewa a cikin yara 'yan wata 12 zuwa 23, kashi 33 cikin 100 ne kacal suka samu allurar Penta sau uku. Ita ce allurar da ake yi wa jariri yana da mako 6 da 10 da 14, tana kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. A Legas an samu kashi 80. A Sakkwato kashi 3.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, rahotannin da ke fitowa daga asibitoci wata-wata a daidai wannan lokaci suna nuna cewa akasarin yara an yi musu, wasu ƙananan hukumomi ma alƙalumansu sun haura kashi 100. Ƙasa ɗaya, yara ɗaya, lissafi biyu da ko kama hanyar juna ba su yi ba. A 2017 ɗin ne Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, ta ayyana matsalar a matsayin abin gaggawa, ta kafa cibiya ta musamman don bibiyar rigakafin yau da kullum.

Labarin da aka fi ji shi ne na sanarwar. Wanda ba a cika ji ba shi ne na mutanen da suka samo wannan kashi 33 ɗin: masu tattara bayanai a gidaje, shugabannin tawaga, masu tace bayanan a kwamfuta, masu rubuta hirarraki, da mataimakan masu bincike da ke tsefe kasafin kuɗi da dokoki. Ba likitoci ba ne, ba su ba kowa magani. Amma ingancin duk wata manufa da minista ko kwamishina zai sa wa hannu ya rataya ne a kan ingancin aikinsu.

Bari mu fara da yadda lissafin asibiti ke haura 100, domin a nan ake gane amfanin mai bincike. A ƙaramin asibitin mazaɓa, ma'aikaciya takan yi wa yaro allura, ta rubuta a rajista, ta ja layi a takardar ƙirga. Ƙarshen wata a haɗa jimilla a fom, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in da ke kula da bayanai ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ta samar, ƙasashe da dama kuma ke amfani da ita. Wannan adadin shi ne na sama a lissafin. Na ƙasa kuwa, wato yawan yaran da ya kamata a yi wa allurar, ba ƙirga su ake yi ba. Kintace ne. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka sai a ɗauki adadin 2006, a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara, sannan a ce kashi 4 cikin 100 na abin da ya fito su ne yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya. To unguwar da ta cika ta batse a bayan garin Kano cikin shekarun nan fa? Ko garin da ya karɓi dubban 'yan gudun hijira? A irin waɗannan wurare yaran sun fi abin da takarda ta ce, sai kason ya kumbura.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba kowa ke son a faɗa ba. Idan aka ce da ma'aikaciya lallai ta cimma kashi kaza, alhali firjin allura ya lalace, babu kuɗin man babur da za a fita ƙauyuka, kuma duk wanda ya kawo ƙaramin adadi shi ake tsayarwa a taro ana titsiyewa, to adadin zai gyara kansa a kan takarda. Ni ban ɗora laifin kacokan a kanta ba. Tsarin da ke hukunta mai faɗin gaskiya ne ya koya mata.

Binciken gida-gida yana kauce wa waɗannan ramuka biyu, domin yana ƙirga yaran da aka tarar ne, ya kuma tambayi kowanne. Sai dai aiki ne mai tsada da wahala. Ɗauki babban binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi, wanda aka gudanar a 1990 da 1999 da 2003 da 2008 da 2013 da 2018, sai na baya-bayan nan a 2023 zuwa 2024. A na 2018 an zaɓi gungun gidaje 1,400 a faɗin ƙasa. Kafin a yi tambaya ko ɗaya, wata tawaga ce ke fara zuwa ta zana taswirar wurin, ta rubuta duk gidajen da ke ciki, sannan a zaɓi 30 ta hanyar da ba ruwan son ran kowa. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan aikin. Mai unguwa zai so a fara da gidansa da na maƙwabtansa, mai tattara bayanai kuma zai so gidan da ke bakin titi maimakon wanda sai an ƙetare rafi. Da zarar an biye wa ɗaya daga cikinsu, sakamakon ya tashi daga na al'umma ya koma na masu sauƙin samu, waɗanda kuma su ne dama suka fi zuwa asibiti.

Daga watan Agusta zuwa Disamba na 2018 aka yi hira da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49. A ƙasar Hausa wannan aikin mata ne, tunda namiji iyakarsa zaure. Mai tambaya sai ta jira an gaisa da dagaci ko mai unguwa, an nemi izinin maigida, sannan ta yi sallama ta shiga. Za ta tarar da uwa na daka ko tana suyar awarar sayarwa. Za ta ce, "Maman yara, ko zan ga katin rigakafinsa?" A ce yana cikin akwati, makulli na hannun maigida, ya tafi kasuwa. Ko kuma ruwa ya jiƙa shi tun damina. Idan babu kati sai a koma kan abin da uwa ke iya tunawa: an yi masa allura a cinya? Sau nawa? Ga kuma ɗigon polio da aka yi ta bi gida-gida ana yi, wanda uwa kan iya haɗa shi da sauran ta ce ai an yi masa duka. Shekarun yaro ma sai an yi dabara, tunda ba kowa ke da takardar haihuwa ba: kafin azumi aka haife shi ko bayan babbar Sallah? An yanke gero ko tukuna? Kuskuren wata biyu ya isa ya fitar da yaro daga rukunin da ake aunawa.

Masu wannan aiki sun san hanyoyin ha'inci, shi ya sa ake kafa musu tarko. Akwai mai zama gindin bishiya ya cike fom goma daga kansa. Akwai mai ƙara wa yaro shekaru ya haura biyar don ta tsallake dogon sashen tambayoyin lafiyar yara, kuma wannan sananniyar matsala ce a irin waɗannan bincike a ƙasashe da yawa. Yanzu da ake amfani da ƙaramar kwamfutar hannu, na'urar na rubuta wurin da aka tsaya da mintunan da hira ta ɗauka. A ofis kuma akwai wanda aikinsa kenan duk dare: ya duba me ya sa hirar da ke cin awa guda aka gama ta cikin minti goma sha biyu, me ya sa duk yaran da tawaga kaza ta auna nauyinsu ke ƙarewa da sifiri ko biyar, ta yaya mace 'yar shekara 19 ke da ɗa ɗan shekara 12. Sai ya kira shugaban tawaga a koma gidan. Tace bayanai aiki ne mai gundura da ba a yabon kowa a kansa, amma rabin ingancin rahoto a nan yake.

Ko an yi komai daidai, alƙalami yana da iyaka, kuma mataimaki na ƙwarai shi ne wanda ke rubuta iyakar a fili. A binciken 2018, gungu 11 aka bari saboda rashin tsaro, yawancinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina, sannan ƙananan hukumomi 11 cikin 27 na Borno ba a shiga ba. Wuraren da ba a iya zuwa kuwa su ne inda aka fi rashin asibiti. Haka kuma adadin nan da ake yawan ambata, cewa mata 512 ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000. An samo shi ne ta hanyar tambayar kowace mace game da 'yan uwanta mata da suke ciki ɗaya: su nawa ne, wace ce ta rasu, tana da ciki ne ko a wurin haihuwa ko cikin jego? Adadin matsakaici ne na shekarun da suka gabaci binciken, kuma gaskiyarsa na iya kasancewa ko'ina tsakanin kusan 450 da 580. Saboda haka idan wani ya ce ya rage mutuwar mata masu ciki a jiharsa cikin shekara biyu, ya kuma kafa hujja da irin wannan bincike, akwai dalilin a dakata a tambaye shi.

Duk wannan ƙirga ce, ƙirga kuwa tana faɗin nawa ne, ba ta faɗin dalili. A nan ne reshe na biyu na aikin ke shigowa, kuma Nijar ta ba da misali mai kyau. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou, a 2005 da 2006, gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Iyaye suka yi tururuwa zuwa asibiti. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar ƙananan yara a ƙasar ta ragu daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma an lissafa maganin kyautar cikin abubuwan da suka taimaka, tare da gidan sauro da shirye-shiryen abinci mai gina jiki. A takarda nasara ce, kuma da gaske nasara ce.

Amma masu bincike na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, sun bi wata hanya dabam. Sun tura mutanensu sun zauna a asibitoci na makonni, suna kallo, suna hira da nas da mai ajiyar magani da uwayen yara. Tsarin ya ce asibiti ya duba yaro kyauta, ya aika da takardar kuɗin, gwamnati ta biya shi, ya sayo wani maganin. Abin da suka tarar shi ne biyan na yin jinkirin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kantar magani ta bushe. Sai a duba yaro kyauta, a miƙa wa uwa takarda ta je ta sayi maganin a waje. Rajista za ta nuna an duba yaro kyauta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Babu wani fom mai "eh" ko "a'a" da zai tono wannan, sai wanda ya zauna a benci ya ga uwa ta fito riƙe da takarda tana lissafin abin da ke ƙulle a bakin zaninta. Hira ta awa guda kuwa, kafin a saurare ta a rubuta kalma-kalma, ta cinye wa mataimaki yini.

Reshe na uku shi ne nazarin manufa kanta, wato bin diddigin abin da aka rubuta da abin da aka aikata. Wannan aikin tebur ne, na haƙuri da karatun takardu. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Kasafin gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi 4 zuwa 6. Wasu jihohi kan sanar cewa sun kai 15 ɗin, sai dai mai nazari ba ya tsayawa a jawabin gabatar da kasafi. Abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe daban, kuma akasari kuɗin albashi ne ke fita cif-cif, na ayyuka ya maƙale. Samo waɗannan adadi uku na shekara guda a jiha guda kan kai mutum ofishin kasafi da na akanta janar da na mai binciken kuɗi, ya dawo da takardu uku da ba su yarda da juna ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta fi nuna tazarar. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta ma raba shi: rabi ta hannun hukumar inshorar lafiya, kashi 45 ta hannun hukumar lafiya a matakin farko don magani da gyaran asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Dokar ta zauna a takarda har sai kasafin 2018, inda aka ware masa kimanin naira biliyan 55. Me ya riƙe ta shekaru huɗu? Wa ya tura, wa ya ja baya, wace hukuma ce ke takun saƙa da wace a kan wa zai riƙe kuɗin? Da aka fara saki, wata nawa yake ɗauka kafin ya isa asusun asibitin mazaɓa, kuma shugaban asibitin ya san yadda ake cike takardun da za a ba shi kashi na gaba? Waɗannan ne tambayoyin mai nazarin manufa. Amsarsu ta shafi aljihun kowa, domin har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa, duk da dokar 2022 da ta mayar da inshorar lafiya wajibi.

Akwai nauyi ɗaya da ke kan mataimakin bincike a Arewa fiye da takwaransa na wani wuri, shi ne na amana. Mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya rura wutar ƙauracewa rigakafin polio a 2003. Tun 2007 ƙasar na da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya, kuma kowane bincike sai kwamiti ya amince da shi. Amma kwamiti na ofis. Wadda ke tsaye a tsakar gida ita ce za ta bayyana wa uwa, cikin harshen da take fahimta, cewa tana da 'yancin ƙin amsawa kuma ba abin da zai same ta, cewa ba jerin masu karɓar tallafi ake rubutawa ba, cewa abin da ta faɗa ba zai koma kunnen mijinta ko kishiyarta ba. Wadda ta yi gaggawar wuce wannan mataki don ta cike adadin gidajen ranar, ta ɓata wa duk wanda zai zo bayanta hanya.

To ga inda nake ganin an yi sake. Aikin da ke buƙatar wannan irin ƙwarewa ana ɗaukarsa kamar ƙwadago. Akasari kwantiragin makonni ne: a ba da horo, a biya alawus, a gama, kowa ya kama gabansa. Yarinyar da ta ƙware wajen sa uwa ta saki jiki ta yi maganar ɗanta da ya rasu, ba ta da wani mataki na gaba da za ta taka, sai dai ta jira wani aikin ya faɗo. Idan takarda ta fito a mujallar ƙasashen waje, sunayen da ke sama na farfesoshi ne, su kuwa a haɗa su cikin jimlar godiya guda a ƙarshe. Ƙauyen da aka kwashi bayanansa kuma da wuya wani ya koma ya faɗa musu abin da aka gano, shi ya sa za ka ji dattijo na cewa, "Kullum ku zo ku rubuta mu, ba mu ga komai ba." Yana da gaskiya.

Tushen matsalar kuɗi ne, da kuma mai kuɗin. Mai biya shi ke zaɓar tambaya. Idan mai ba da tallafi cutar maleriya ko polio ce ta dame shi, a kansu za a yi ta bincike, yayin da tambayar da ke hana kwamishina barci, kamar yadda zai sa ungozoma ta zauna a ƙauye ba ta nemi canji zuwa birni ba, ta rasa mai ɗaukar nauyinta. Babban binciken lafiyar nan ma, da na Nijar da Ghana da ƙasashe da dama, ya dogara ne shekaru da yawa kan wani shiri da hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta riƙa biya, kuma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin shirin. Tun a 2008, a taron ministoci da aka yi a Bamako, an yi kira ga ƙasashe su ware kashi 2 cikin 100 na kasafin ma'aikatar lafiya don bincike.

Mutanen da za su yi aikin akwai su. Sassan lafiyar al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna yaye su, hukumar ƙididdiga ta Jihar Kaduna kuma ta nuna cewa jiha na iya gudanar da nata binciken gidaje. Abin da jihohi da yawa ba su da shi shi ne sashen tsare-tsare da bincike a ma'aikatar lafiya mai ma'aikata na dindindin da kuɗin fita aiki, wanda zai iya ɗaukar ƙananan hukumomi biyu ko uku duk wata uku, ya kwatanta rajistar asibiti da katunan da ke hannun iyaye, ya kai wa kwamishina sakamakon kafin a zauna rubuta kasafin shekara mai zuwa.